Idan Hanya Ta Cunkushe, Wa Ya Kamata Ya Fara Wucewa?

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibi a jami'o'in ƙasar nan wanda bai san zafin ranar rufe rajista ba. Mutum ya biya kuɗi, ya zo zai cike kwasa-kwasansa a shafin makaranta, shafin ya yi ta juyawa ya ƙi buɗewa, ga shi kuwa ƙarfe goma sha biyun dare za a rufe, wanda ya makara tara ta hau kansa. A daidai wannan lokaci, a kan wannan waifai ɗin dai, akwai wanda ke kwance a ɗakin kwana yana sauke fim mai dogon zango, akwai mai kallon ƙwallo, akwai kuma ɗaruruwan wayoyi da ke sabunta manhajojinsu su kaɗai ba tare da masu su sun sani ba. Da an yi magana sai ka ji an ce "ai netwok ne babu", ko kuma "makaranta ta ƙi sayen isasshen intanet".

Wani lokacin hakan gaskiya ne, wani lokacin kuma babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin ce ta gaza. Amma sau da yawa rijiya ce ta ba da ruwa guga ya hana: intanet ɗin yana nan, rabonsa ne babu tsari. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk ma'aikatar da jama'a ke tarayya a kan hanyar intanet ɗaya, jami'a ce, asibiti ne, banki ne ko kamfani, wajibi ne ta tsara tun da wuri wanda zai fara wucewa idan hanya ta cika, ta rubuta tsarin ta sanar da kowa, kuma ma'aunin fifikon ya zama muhimmancin aiki, ba girman kujera ko nauyin aljihu ba.

Mene ne Faɗin Hanya?

Ya kai mai karatu, duk abin da ka aika ko ka karɓa ta intanet, rubutu ne ko hoto ko murya, ba a dunƙule yake tafiya ba. Daddatsa shi ake yi zuwa ƙananan ƙulli-ƙulli, kowanne yawanci bai wuce bayit 1,500 ba, a rubuta wa kowane ƙulli adireshin inda za shi, idan sun isa a sake harhaɗa su. Yawan abin da hanya za ta iya ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne faɗinta, kuma da megabit ake auna shi. Idan ƙullin da ke son wucewa sun fi ƙarfin hanyar, sai su yi jerin gwano a cikin na'urar da ke bakin ƙofa, wato rauta. Idan wurin jiran ya cika, rauta zubar da rarar take yi, sai an sake aikowa.

Abin lura shi ne ayyuka ba buƙatarsu ɗaya ba. Kiran murya mai kyau bai cin ko kilobit 100 a daƙiƙa, amma ba ya jure jinkiri. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa kafin ta isa kunnen mai sauraro. Biyan kuɗi da na'urar POS ko tura fom ɗin rajista ɗan abu kaɗan ne, amma idan amsa ta makara sai ciniki ya tsinke, a cire kuɗi ba a ga shaida ba. Shi kuwa fim mai hoto tangaran, kamfanin Netflix da kansa ya ce yana son megabit 5 a daƙiƙa. Ke nan mai kallo ɗaya ya cinye wurin masu kira hamsin. A ƙaddara wata tsangaya tana da hanya mai megabit 100: masu kallo ashirin kacal sun isa su cika ta, sauran ɗaruruwan mutane kuma su yi ta zaman jira. Rauta ba ta san cewa wannan ƙullin sakamakon gwajin jinin maras lafiya ne, wancan kuma na wasan barkwanci ba, sai in an koya mata. In ba a koya mata ba, wanda ya riga zuwa shi take sallama.

Ƙarin Faɗi Kaɗai Ba Ya Magani

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce a ƙaro intanet. Ba na musun cewa akwai inda hanyar ta yi ƙanƙanta ƙwarai har babu dabarar da za ta cece ta. Sai dai tarihi ya nuna cewa cunkoso ba ya tafiya don an faɗaɗa hanya kawai.

A watan Oktoba na 1986, tun intanet yana jariri, hanyar da ta haɗa cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wurare biyu da tsakaninsu bai wuce yadi 400 ba, ta faɗo daga kilobit 32 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal, wato ta ragu sau 800. Waya ba ta tsinke ba. Kwamfutoci ne kowacce ta dinga sake turo abin da ya ɓace, har aka cika hanyar da maimaici. Wani masani mai suna Van Jacobson ne ya gano bakin zaren, a 1988 ya fito da ƙa'idar da ta sa kowace kwamfuta take ja da baya idan ta ga alamar cunkoso. Har yau intanet yana tafiya ne a kan tushen wannan ladabi. Amma ƙa'idar tana da wata fuska: kwamfutar da ke sauke babban abu ƙara gudu take yi a hankali har sai ta ji ta taɓo iyakar hanya. Saboda haka ko an ninka faɗin, masu manyan kaya za su miƙe ƙafa su cike shi.

Jami'o'in Amurka sun ɗanɗana wannan a shekarar 2000, lokacin da manhajar musayar waƙoƙi ta Napster ta mamaye ɗakunan kwanan ɗalibai, har da yawa daga cikinsu, ciki har da Jami'ar Indiyana, suka toshe ta saboda ta hana aikin karatu tafiya. Mu ma a nan gida shaida ne. Kafin 2010 wayar ƙarƙashin teku ɗaya ce, SAT-3, ke shigowa Nijeriya, jami'o'i da yawa kuma da tauraron ɗan'adam suka dogara a kan kuɗi mai tsada. A 2010 MainOne da Glo-1 suka fara aiki, a 2012 WACS da ACE suka biyo, a watan Afrilu na 2022 kuma Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas. Faɗin da ke isowa gaɓar ƙasar nan ya ninninka, amma kukan ranar rajista bai ƙare ba, domin yadda hanya ke ƙaruwa haka hotuna ke ƙara nauyi, wayoyi ke ƙara yawa. Sayen ƙari ba tare da tsari ba zuba ruwa a kwando ne.

Darasin Watan Maris

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace a daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya durƙushe a Kwaddibuwa, Laberiya, Gana, Binin da wasu ƙasashe, a Nijeriya kuma bankuna suka shiga aika wa abokan hulɗarsu saƙon ban haƙuri saboda manhajojinsu sun ƙi aiki. Gyaran kuwa makonni ya ɗauka, tunda sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro wayar daga ƙasan teku. Kamfanoni suka koma lallaɓawa da ɗan abin da ya rage a wayoyin da suka tsira.

A wannan hali babu kasuwar da za a je a sayo ƙari nan take. Tambaya ɗaya ce ta rage: ɗan abin da ke hannu, wa za a ba? A Gana, hukumar sadarwar ƙasar ta zauna da babban banki, da sauran bankuna, da kamfanonin ruwa da lantarki, da kamfanonin waya, aka nemi kamfanonin wayar su fifita waɗannan muhimman ayyuka wajen rabon abin da ya saura. Shawara ce mai kyau, illarta kawai sai da bango ya tsage aka zauna yin ta. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekaru huɗu kafin nan, a watan Maris na 2020, cutar korona ta kulle mutanen Turai a gida, aiki da karatu da ganin likita duk suka koma intanet. Kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya roƙi Netflix ya sassauta, kamfanin kuma ya amince ya rage nauyin hotunansa na kwana 30, abin da ya ce zai rage kusan kashi 25 cikin ɗari na zirga-zirgarsa a nahiyar. YouTube ma ya bi sahu. Ba a hana kowa kallo ba, kaifin hoto ne ya ɗan ragu. To idan Turai da duk wadatarta ta ga dacewar nishaɗi ya matsa wa aiki, mu da muke lallaɓa ɗan kaɗan fa? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Tsarin Yake

Wanda ya san Legas ya san motocin BRT da suka fara aiki a watan Maris na 2008 tsakanin Mile 12 da CMS. Ba sabon titi aka gina musu ba, layi guda aka keɓe a cikin wanda ake da shi, don motar da ke ɗauke da mutane masu yawa kada ta maƙale a bayan mai ƙaramar mota shi kaɗai. Tsarin rabon intanet ma haka yake, har ya fi BRT sauƙin kai, domin idan masu fifiko ba sa amfani da layinsu, rauta tana iya sakar wa kowa shi nan take.

Matakin farko shi ne awo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Dole masu kula da kwamfutoci su san wane irin aiki ne ke cin hanya, kuma da wane lokaci. Bayan awo sai a kasa ayyuka gida-gida. A jami'a, gidan farko shi ne abin da in ya tsaya wani zai cutu: bayanan asibitin makaranta, jarrabawar da ake yi a kwamfuta, biyan kuɗi, rajista, albashin ma'aikata da sadarwar jami'an tsaro. Gida na biyu karatu da bincike: laccar da ake yi kai tsaye, mujallun ilmi na ɗakin karatu, saƙon imel. Na uku shiga shafuka na yau da kullum. Na ƙarshe manyan kayan da ba sa gaggawa, kamar fina-finai, wasanni da sabunta manhajoji.

Yin wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun watan Disamba na 1998 ƙungiyar injiniyoyin intanet, IETF, ta ware bit shida a goshin kowane ƙulli don yi masa alama, abin da ya ba da alamomi 64 daban-daban. Rauta tana ganin alamar ta san layin da za ta sa shi. Sai dai alamar a cikin gida take da daraja; da zarar ƙulli ya fita babban titin duniya, kamfanonin da ke hanya ba dole ne su kula ta ba. Shi ya sa ƙofar ma'aikata, inda hanya ta fi ƙunci, nan ne wurin aikin. A nan ake ware wa gidan farko rabon da babu mai taɓa shi, a sa wa kowane mutum iyaka don kada ɗaya ya handame na ɗari, a tura sabunta manhajoji zuwa tsakar dare lokacin da hanya ba kowa.

Akwai kuma abin da ma bai kamata ya hau babbar hanya ba. Idan shafin rajista yana cikin harabar makaranta ko a cikin ƙasa, babu dalilin da zai sa saƙon ɗalibi ya je Landan ya dawo. Don haka aka kafa mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, a Legas, don haka kuma aka ƙaddamar da NgREN a 2014 saboda haɗa jami'o'i da junansu. Abin da ke cikin gida ko wayar teku ta tsinke yana nan. Sannan a tanadi hanya ta biyu daga wani kamfani dabam, a kuma tabbata ba waya ɗaya suka rataya a kai ba. Kada a ce kuɗi ne matsala: manhajoji irin su pfSense da OpenWrt kyauta ne, kuma rautocin da ke ofisoshi da yawa suna iya wannan aiki, ba a dai kunna musu ba ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shawara daga shugabanni, da ma'aikacin da aka horar aka kuma riƙe shi da daraja.

Inda Gizo Ke Saƙar

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Sun ce duk wanda aka ba ikon fifita wani, an ba shi ikon danne wani. Gaskiya ne, an kuma gani. A 2007 aka gano kamfanin Comcast na Amurka yana katse wa masu amfani da BitTorrent hanya a ɓoye. Hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta same shi da laifi a watan Agusta na 2008, ko da yake kotu ta soke hukuncin a 2010 bisa cewa hukumar ba ta da hurumi. Abin da ya fi fusata jama'a shi ne ɓoyewar.

Na biyu ya fi muni. A 2018, ana tsakiyar yaƙi da gobarar dajin Mendocino, wadda a lokacin ita ce mafi girma a tarihin jihar Kalifoniya, kamfanin Verizon ya rage gudun intanet ɗin motar da 'yan kwana-kwanan gundumar Santa Clara ke tsara aikinsu da ita zuwa kashi ɗaya cikin 200, don sun wuce gigabayit 25. Sai da suka sayi tsarin da ya ninka kuɗin nasu fiye da sau biyu aka sakar musu. Daga baya kamfanin ya amsa cewa ya yi kuskure, a 2019 kuma jihar ta yi dokar hana yi wa masu aikin ceto haka a lokacin gaggawa. A nan an yi rabo, amma ma'auninsa kuɗi ne, shi ya sa masu ceton rai suka koma ƙarshen layi.

Waɗannan misalai gargaɗi ne a kan mugun tsari, ba hujjar zama babu tsari ba ce. Inda ba a tsara ba ma ai akwai mai fifiko, shi ne wanda kayansa suka fi nauyi. Abin tsoro a wurinmu shi ne zaman kashin dankali, manya su danne ƙanana: a keɓe wa ofishin mai girma hanya mai faɗi ko da labarai kawai ake karantawa a ciki, a bar ɗakin karatu da asibiti suna rarrafe. Fifiko na aiki ne, ba na mutum ba. Fom ɗin rajistar ɗan aji ɗaya ya fi cancantar wucewa a kan fim ɗin kowane ne, komai girman rigarsa.

Haka kuma ina adawa da toshewa barkatai. Ɗalibai da yawa a YouTube suke koyon lissafi, haɗa magunguna da harsuna. Wanda ya rufe shi gaba ɗaya ya rufe aji. Rage kaifin hoto a lokutan aiki ya wadatar. Sannan sanin nau'in zirga-zirga ba ya buƙatar karanta saƙon kowa, kamar yadda mai ba da hannu a titi ke bambanta motar asibiti da tirela ba tare da ya buɗe jakar fasinja ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta hau kan duk ma'aikatar da ke riƙe bayanan mutane. Don haka a rubuta ƙa'idar a fili: me aka fifita, don me, nawa ne rabon kowa, wa ke ganin bayanan amfani, kuma ina mai ƙorafi zai kai kukansa. A sa wakilan ɗalibai da na malamai a kwamitin da zai tsara ta, a riƙa duba ta duk shekara.

Namu Rabon

'Yan'uwana ɗalibai, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba daidai ba ne mu yi ta zargin hukuma alhali muna cikin masu cika hanyar. Wanda zai sauke babban abu ya bari sai dare. Kowa ya shiga saitin wayarsa ya hana ta sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya da rana tsaka. Hoton da ake kallo a fuskar waya mai faɗin tafin hannu ba ya buƙatar mafi girman kaifi. Kada a raba kalmar sirri ga mutanen waje, domin duk wanda ka shigo da shi daga rabon ɗan ajinku ya ci. A makon rajista da na jarrabawa kuwa, a yi wa juna kara. Ƙungiyoyinmu ma, maimakon su tsaya a kan "a ƙaro intanet" kawai, su tambayi hukuma: nawa ake saye, ina yake tafiya, wa aka fifita? Wanda ya zo da tambaya mai lissafi ya fi wuyar sallama da baki.

Kammalawa

Yau kuɗin makaranta, sakamakon jarrabawa, albashi, bayanan maras lafiya da cinikin mai POS a bakin ƙofa duk a kan hanya ɗaya suke tafiya da wasanni da fina-finai. Hanyar kuma, komai faɗinta, akwai ranar da za ta cika, ko don taron jama'a ko don wata waya ta tsinke a ƙasan teku. Kira na ga shugabannin jami'o'i da asibitoci da kamfanoni shi ne su zauna tun hanya tana lafiya su auna, su kasa ayyukansu, su rubuta tsari su liƙa inda kowa zai gani, su kuma gwada shi kafin ranar buƙata. Mu kuma masu amfani mu karɓi 'yar takurar da za ta zo da shi, muddin an yi ta a fili kuma ta hau kan babba da yaro daidai wa daida. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.